Haƙarƙari Ɗaya, Sauti Biyu: Kwaikwayo da Kuskuren Zane a Shirin The Simpsons

 Sharhinmu na yau a kan katun ne, kuma ina roƙon manya kada su miƙa wa yara rediyon, domin maganar ta manya ce.

Duk wanda ya tashi a gidan da ke da talabijin, ko ya taɓa leƙawa ta tagar maƙwabta, ya san Tom and Jerry, kyanwa da ɓeran nan da William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙira a 1940. To, a Amurka akwai wani shirin barkwanci na zane mai suna The Simpsons, labarin wani magidanci ne, Homer, da matarsa Marge, da 'ya'yansu uku, Bart da Lisa da jaririya Maggie. Matt Groening ne ya ƙirƙire shi, tashar Fox ta fara nuna shi a matsayin cikakken shiri ranar 17 ga Disamba, 1989, kuma har yau ana yin sa. A cikin wannan shirin, su ma yaran gidan suna da katun ɗin da suke kallo, Itchy da Scratchy, ɓera da kyanwa. Kwaikwayon su Tom ne, sai dai an kai shi maƙura. Inda Jerry zai buga wa Tom kasko a ka ya miƙe, shi Itchy sai ya daddatsa Scratchy gunduwa-gunduwa, jini na tsartuwa, yara na ƙyalƙyala dariya. Da wannan masu shirin ke tsokanar iyayen Amurka a kan irin abin da suka saba ajiye 'ya'yansu a gabansa.

Ranar 9 ga Fabrairu, 1997, aka nuna kashi na 167, mai suna The Itchy & Scratchy & Poochie Show. David Cohen ne ya rubuta, Steven Dean Moore ya ba da umarni. Da wannan kashin ne shirin ya zarce The Flintstones, wanda ya yi kashi 166 tsakanin 1960 da 1966, ya zama katun ɗin dare mafi yawan fitowa a Amurka. Rana ce ta kirari da buga ƙirji. Amma masu shirin suka ɗauki ranar suka yi labari a kan yadda shiri ke tsufa, da yadda masu kuɗi ke rikicewa idan ya fara tsufa, da kuma irin masu kallon da ke zaune suna jiran kuskure.

Ga yadda labarin yake. Masu kallon Itchy da Scratchy sun ragu. Mai kamfanin, Roger Meyers, ya sa aka tattaro yara a ɗaki, aka ba kowa wani maɓalli, in abu ya burge shi ya murɗa dama, in bai burge shi ba ya murɗa hagu. Aka tambaye su ko suna son labari irin na rayuwar yau da kullum, suka ce eh. Aka tambaye su ko suna son na mutum-mutumi da tsafi da abin da hankali ba zai ɗauka ba, suka sake cewa eh. Meyers, wanda ke laɓe a bayan madubi yana kallonsu, ya fusata ya hau su da faɗa. Lisa ce kaɗai ta faɗi gaskiya. Ta ce babu abin da ya sami shirin, yana nan da kyansa, shekaru ne kawai suka yi yawa, ido ya saba. Meyers ya ji wannan magana mai hankali, ya fita da akasinta: a ƙara sabon tauraro.

Nan aka shiga ɗakin marubuta, waɗanda aka zana su da kamannin ainihin marubutan The Simpsons. Wata jami'ar tasha ta zo da manyan kalmomin ofis marasa ma'ana, tana cewa a yi kare mai ji da kansa, ɗan zamani, wanda matasa za su so. Wani marubuci ya tambaya ko waɗannan kalmomi ba irin waɗanda marasa basira ke fakewa da su ba ne don a ɗauke su da muhimmanci. Nan take aka sallame shi. Aka sa mai zane a gaba, wannan ya ce a ƙara masa baƙin tabarau, wancan ya ce a ba shi allon hawan igiyar ruwa, aka juya masa hula baya. Haka aka haifi Poochie, kuma Homer ne ya ci gwajin yi masa murya.

Wannan ba ƙage ba ne daga sama. Masu shirin sun sha faɗa cewa wani daga cikin manyan tashar ya taɓa ba su shawarar su ƙara sabon mutum a gidan Simpson don a farfaɗo da shirin. Amsarsu tana cikin kashin nan: sai kawai ka ga wani saurayi mai suna Roy zaune a teburin cin abinci, kowa na gaishe shi kamar an daɗe ana tare, ba wanda ya ce daga ina ya fito. Kuma al'ada ce da Amurkawa suka sani. A 1979 an ƙara wa shirin Scooby-Doo wani ɗan kwikwiyo mai surutu, Scrappy-Doo, lokacin da masu kallo suka fara ja da baya. Wanda ya san wannan tarihi, da ganin Poochie ya san inda aka dosa.

A nan ne sirrin irin wannan barkwancin yake, kuma mu ba baƙonmu ba ne. Ɗan kama idan ya tsaya a kasuwa ya ɗauki murya da salon mai karatu, ya juya zancen ya koma na tuwo da miya da nama, wanda ya yi zaman makarantar allo shi ne zai fi kowa dariya, domin kunnensa na jin asalin a ƙarƙashin kwaikwayon. Baƙon da bai san asalin ba zai ji mutum na lissafin abinci ne kawai. Kwaikwayo yana rayuwa ne a kan abin da mai kallo ya riga ya sani, kuma yana buƙatar mai kallo mai lura.

Ku ji irin lurar da The Simpsons ke nema. A Disambar 1990, a wani kashi, jaririya Maggie ta buga wa ubanta guduma a ka bayan ta kalli katun. An tsara wurin hoto bayan hoto daidai da shahararriyar fitowar kisan banɗaki a fim ɗin Psycho na Alfred Hitchcock, na 1960: kiɗa mai tsinin nan, jan fenti na gangarawa cikin magudana a madadin jini, sannan kyamara ta tsaya a kan ƙwayar idon Homer yana kwance. A Oktoban 1993 suka yi kashi sukutum, Cape Feare, a kan fim ɗin Cape Fear, wanda aka fara yi a 1962, Martin Scorsese ya sake shi a 1991 da Robert De Niro. Mugun, Sideshow Bob, ya fito daga kurkuku yana farautar Bart, ya zauna a silima yana busa sigari yana dariya ya hana kowa kallo, ya ɗaure kansa a ƙarƙashin motar iyalin, duk kamar yadda De Niro ya yi. Akwai wani ɗan ƙaramin abu da nake so ƙwarai a ciki. A wani tsohon fim na 1955, The Night of the Hunter, mugun ya yi zanen kalmar so a yatsun hannu ɗaya, kalmar ƙi a ɗayan, kowacce harafi huɗu a Turance, yatsa ɗaya harafi ɗaya. To mutanen The Simpsons yatsu uku gare su da babban yatsa. Sai aka gutsure kalmomin suka koma harafi uku-uku don su shiga hannun Bob. Abin bai wuce ƙiftawar ido a allo ba. Wanda ya gani ya sami dariya biyu, ta fim ɗin da aka kwaikwaya da ta hannun katun.

Shekarun nan kuma su ne shekarun bidiyo mai kaset. Marubutan sun san mutane na naɗar shirin, don haka suka riƙa ɓoye barkwanci a allunan shaguna da kanun jaridu da ke wucewa da gudu, waɗanda ba mai iya karantawa sai ya dakatar da hoton. Da hannunsu suka koya wa jama'a riƙe rimot, a tsayar, a koma baya, a sake dubawa. Ina so ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

Mu koma ga Homer. Kafin a nuna Poochie, an kai shi wani shagon sayar da littattafan zane tare da June Bellamy, matar da ke yi wa Itchy da Scratchy murya, don su amsa tambayoyin masoya. Wani saurayi ya miƙe, ya ambaci lambar wani kashi, 2F09, ya ce a ciki Itchy ya mayar da ƙwarangwal ɗin Scratchy abin kiɗa, irin mai jerin sanduna da ake bugawa kowanne da sautinsa, kamar balafon. Ya ce ɓeran ya bugi ƙashin haƙarƙari ɗaya sau biyu a jere, amma sauti biyu daban suka fito. Shin so ake mu yarda abin kiɗan na tsafi ne? Ya ƙara da fatan an kori wanda ya yi wannan aika-aika daga aiki. June ta rasa ta cewa. Homer ya karɓe, ya tambaye shi me ya sa mutumin da rigarsa ke shelar cewa shi haziƙi ne zai ƙarar da lokacinsa a kan katun ɗin yara. Saurayin ya sunkuyar da kai ya janye tambayarsa.

Fitowar tana da ban dariya, kuma akwai gaskiya a cikinta. Katun ne da ake fille wa kyanwa kai ta dawo da rai bayan minti ɗaya, duk wannan bai dame shi ba sai sautin ƙashi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fatan a kori wani. Wa za a kora? Bari in ɗan tsaya a nan in bayyana yadda ake yin kashi ɗaya a wancan zamani, domin wanda ya san aikin ba zai yi saurin wannan fata ba.

Ana fara da rubutu da naɗar murya a Los Angeles. Masu zane na can su tsara fitowa-fitowa, su zana manyan motsin jiki, su cika wasu dogayen takardu masu layi-layi da ke nuna a wane hoto baki zai buɗe, a wanne ido zai ƙifta. Sai a tattara a aika Koriya ta Kudu, wurin kamfanoni irin su AKOM da ke birnin Seoul, wanda Nelson Shin ya kafa. A can ake cike zanen da ke tsakanin motsi da motsi, a can ake fenti, a can ake ɗauka. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa. Ko da an yi zane ɗaya ya tsaya wa hoto biyu, minti 22 na shiri zai ci zane kusan 16,000. Kowanne ana kwafe layinsa a kan wani falle na roba garai-garai da ake gani ta cikinsa, a juya bayansa a shafa fenti da buroshi, launi bayan launi, bisa lambar da aka rubuta, a jira ya bushe. Jiki na kan falle ɗaya, baki na kan wani, hannu na kan wani, a jera su a kan zanen bango, a danne da gilashi, a ɗauki hoto ɗaya, a cire, a sa na gaba. Kowane falle da aka ɗora yana ɗan dusar da launin na ƙasansa, shi ya sa a tsofaffin katun kake ganin ƙofar da za a buɗe launinta ya bambanta da na sauran bangon. Mai fenti ya ɗauki kwalbar da ba ita ba, sarƙar wuyan Marge ta canza launi na rabin daƙiƙa. Mai ɗauka ya manta falle ɗaya, hannu ya ɓace. Kuma da yawa cikin masu wannan aiki ba Turanci ne harshensu ba, suna zana bakin da ke faɗin barkwancin da ba don su aka rubuta ba. Watanni ake yi kafin aikin ya dawo Amurka, kuma duk gyaran da za a nema kuɗi ne da lokaci. Sai a zango na 14, a 2002, shirin ya koma yin fenti da kwamfuta gaba ɗaya.

Irin wannan kuskure ya kusa kashe shirin tun yana cikin tsumma. Kashin farko da aka yi, Some Enchanted Evening, da ya dawo daga Koriya a 1989, fuskoki a karkace, jikin mutane na lanƙwasa kamar roba, furodusa James L. Brooks ya ƙi shi ƙememe. Aka ɗage fara shirin zuwa Disamba, aka sake mafi yawan zanen, kashin da ya kamata ya buɗe zango sai ya zama na rufewa a Mayun 1990. A kashi na uku da aka nuna, a Janairun 1990, Smithers, yaron attajiri Mista Burns, ya fito baƙar fata. Kuskuren zaɓen launi ne, kuma Groening ya ce a lokacin ba su da kuɗin sakewa. Daga kashi na gaba ya koma ruwan ɗorawa kamar sauran. Darakta David Silverman ya bayyana cewa ba su so a ce baƙar fata ne ɗan koren da ke rusuna wa farin attajiri, kuma a ƙasa mai tarihin bauta irin Amurka wannan hujja ce mai nauyi. Kun ga ke nan kwalbar fenti ɗaya tana iya canza ma'anar mutum gaba ɗaya, don haka ba kowane kuskuren launi ne abin rainawa ba.

Akwai kuma wanda ya kwana shekaru ba a ankara ba. A kashin And Maggie Makes Three na 1995, labarin ya koma baya zuwa lokacin da Marge ke da cikin Maggie. A bangon da ke bayanta kuwa ga hoton Maggie a rataye, yarinyar da ba a haifa ba. Ɗaya daga cikin manyan furodusoshin shirin, Matt Selman, shi da kansa ya nuna wa duniya wannan a 2018. Da alama mai zanen bango ya ɗauko bangon da aka saba da shi ne, da hotunan da aka saba ratayewa.

Masu shirin sun daɗe suna wasa da wannan rauni nasu. A 1993 Bart, wanda ya shiga ƙungiyar sikawut ya koyi ƙulli, ya kalli katun ya ce ƙullin da aka zana ba daidai ba ne. Lisa ta ce ai ba dole ne katun ya bi gaskiya ɗari bisa ɗari ba. Tana rufe baki sai ga wani Homer ya gifta ta taga, alhali Homer na zaune a kujera kusa da su. A wani kashin na shekarar, Meyers yana zagayawa da yaran cikin kamfaninsa yana bayanin yadda ake maimaita bango don rage kashe kuɗi, a bayansu kuwa mai shara ɗaya da tulun ruwa ɗaya sai wucewa suke suna dawowa, tsokana ga kamfanin Hanna-Barbera da ya shahara da haka. Hatta fitowar da mutane suka fi tunawa a Cape Feare, inda Bob ke taka manjagara sandar ta daki fuskarsa har sau tara, ta samo asali ne daga matsala: kashin ya gaza tsawon da ake buƙata, aka yi ta maimaita dukan don cike lokaci. Abin ya ba da dariya, ya daina, sannan ya dawo ya fi na farko.

To yanzu ga Poochie a allo. Itchy da Scratchy na cikin mota za su masana'antar kayan wasan wuta, kuma duk yaron da ya san su ya san abin da zai faru idan suka isa. Sai ga kare a bakin hanya. Ya yi waƙar gambarar zamani yana yabon kansa, ya hau keke, ya jefa ƙwallo a raga, ya yi ta surutu, ya karɓe motar ya wuce masana'antar ko waiwaye babu. Milhouse, abokin Bart, har kuka ya fara yana tambayar yaushe za a isa wurin wutar. A wannan ɗan katun babu launin da ya zame, babu hannun da ya ɓace, babu ƙashin da ya ba da sauti biyu. Zane ne tsaf, amma ya mutu murus, domin an yi wa mai kallo alkawari an saɓa. Wannan shi ne kuskuren da ke kashe shiri, kuma ba mai fenti ne ya yi shi ba. A ɗakin taro aka yi shi, mutanen da suka fi kowa albashi ne suka yi shi, bayan wata yarinya ta faɗa musu gaskiya sun ƙi ji.

Yadda aka kawar da karen ma darasi ne a kan sana'ar. Homer ya ƙi karanta layin mutuwar Poochie, ya rubuta nasa jawabin yana roƙon masu kallo su ba karen dama, June ta goya masa baya, kowa a ɗakin naɗar murya ya nuna abin ya taɓa shi. Ranar da aka nuna, Poochie ya buɗe baki, sai muryar Meyers ta fito a madadin ta Homer tana cewa zai tafi, duniyarsu na nemansa. Ba a ko zana tafiyar ba. Fallen robar da karen ke kai aka ja sama da hannu, kana ganin gefensa, sannan aka nuna wata takarda da rubutun hannu cewa ya mutu a hanyar komawa. Masu zanen The Simpsons sun zauna sun zana mummunan aiki da gangan, da ƙwarewa, don su nuna yadda kamfani ke yi idan ya daina ganin girman mai kallo da na ma'aikacinsa. A ganina babu fitowar da ta fi wannan ƙarfi a kashin.

Sai dai akwai inda na rabu da marubutan. Bayan an nuna Poochie, mai shagon littattafan zane, wani ƙato mai yawan ƙorafi, ya ce wannan ne kashi mafi muni da aka taɓa yi, kalmar da marubutan suka tsinto daga bakin masoyan shirin na farko-farko a intanet. Ya ce a matsayinsa na mai kallo na ƙwarai yana bin masu shirin bashi. Bart ya mayar masa cewa an ba shi dubban sa'o'i na nishaɗi kyauta, in ma akwai bashi shi ake bi. A nan bakin Bart ne ke motsi amma marubutan ne ke magana, kuma ban yarda da su ba. Kallon talabijin ba kyauta ba ne. Mai kallo na biya da lokacinsa da idonsa, tasha na sayar da wannan ido ga masu talla, daga nan albashin marubuci ke fitowa. Sannan, kamar yadda na ce ku riƙe, su ne suka koya wa mutane dakatar da hoto. Idon da ya gano harafi uku a yatsun Bob shi ne idon da zai gano hoton Maggie a bango. Ba ka horar da mutum ya zama mai lura don ya yaba maka, sannan ranar da lurar ta kama ka ka ce ya cika sa ido. Saurayin da ya ji sauti biyu daga ƙashi ɗaya ɗan gidan ne, shirin ne ya raine shi.

Laifinsa ɗaya ne, kuma babba ne: ya auna kibiyarsa ga wanda ya fi kowa rauni a jerin. A Oktoban 2010 mai zanen bangon nan na Ingila, Banksy, ya tsara wa shirin buɗewa, ya nuna masu fenti na Asiya a wani kurkukun ƙarƙashin ƙasa cikin duhu da ƙazanta. Nelson Shin ya nuna ɓacin ransa, ya ce ma'aikatansa ƙwararru ne da ke aiki a ofisoshi masu tsabta a Seoul, kuma hoton ya ƙasƙantar da su. Su ne kuma aka ba aikin zana wannan buɗewar da hannunsu. Ko a wajen zargi ko a wajen tausayi, ana magana a kansu ne ba tare da an san su ba. A allo sunan marubuci da na darakta da na masu murya suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, su kuwa yawancinsu sunan kamfaninsu ne ke tsaya musu.

Hukuncina a kan kashin shi ne yana cikin mafi kyau da shirin ya yi, ya yi wa manyan tasha adalci, ya ɗan zalunci masu kallo. Ku kuma masu sauraro, musamman matasanmu da suka fara koyon zanen katun a kwamfuta da waya, da masu sharhin fina-finai, ku ci gaba da sa ido, ku tsayar da hoto, ku faɗi abin da kuka gani ba tare da jin kunya ba. Amma kafin ku nemi a kori wani saboda launin riga, ku fara tambaya ko labarin ya cika alkawarin da ya ɗauka, kuma wa ya yanke shawarar da ta hana shi cikawa.